Allurar ƙarfafa huhun bakwaini tun yana ciki

Wace allura ce wannan?

Ana yi wa mai ciki ita idan likita ya ga alamar haihuwa za ta zo kafin lokaci, tsakanin mako 24 zuwa 34. Naƙuda ce ta taso da wuri, ko faya ta fashe, ko hawan jini ya tilasta a ciro jariri. Dezametazon ake yi, miligiram 6 duk awa 12 har sau huɗu, ko betametazon miligiram 12 sau biyu, kwana ɗaya tsakani.

Me take yi wa jaririn?

Babbar matsalar bakwaini numfashi ce. Huhunsa bai gama samar da wani ruwa mai santsi da ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa ba, shi ya sa za ka ga ƙirjinsa yana lotsawa yana nishi. Maganin yana ratsa mabiyiya ya hanzarta samar da wannan ruwa, yana kuma rage zubar jini a ƙwaƙwalwa. Wasu likitoci biyu, Liggins da Howie, ne suka tabbatar da haka a Niyuzilan a 1972. A 2020 kuma binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a asibitocin ƙasashe biyar, har da Najeriya, ya nuna mutuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin ɗari.

To me zai hana a yi wa kowace mai ciki?

A nan ne hankalina ba ya kwanciya. Wani bincike na 2015 ya nuna inda aka riƙa ba da ita ba tare da sanin ainihin watannin cikin ba, mutuwar jarirai ƙaruwa ta yi, cututtuka ma suka ƙaru ga iyaye mata. Ba a yin ta sai an san kwanakin ciki, ana sa ran haihuwa cikin kwana bakwai, babu alamar ƙwayar cuta a mahaifa, kuma asibitin na iya kula da bakwaini. Don haka yin sikanin tun farkon ciki yake da muhimmanci, kada a bar awo sai wata na bakwai.

Ba ita ce wadda ake saye a kemis don ƙiba ba?

Ita ce, amma don Allah kada mai ciki ta saya da kanta.

Mai ciwon suga fa?

Ana yi mata, sai dai suga kan hau na 'yan kwanaki, dole a riƙa aunawa.