Frederick Roberts

Frederick Sleigh Roberts (1832–1914) hafsan sojan Birtaniya ne wanda ya yi mafi yawan aikinsa a Indiya, har ya kai matsayin babban kwamandan rundunar ƙasar. Sojojinsa sun yi masa laƙabi da "Bobs".

Tasowarsa

An haife shi a Kanpur ranar 30 ga Satumba 1832. Mahaifinsa, Abraham Roberts, janar ne a sojan Kamfanin Gabashin Indiya. Ya yi karatu a Ingila, ya shiga rundunar manyan bindigogi ta Bengal a 1851. Da boren Indiyawa kan mulkin Birtaniya ya ɓarke a 1857, yana cikin waɗanda suka yi wa Delhi ƙawanya, aka ji masa rauni a can. Bajintar da ya yi a Khudaganj a Janairun 1858 ta sa aka ba shi Victoria Cross, lambar bajinta mafi girma a sojan Birtaniya. A 1868 ya bi rundunar da ta kai yaƙi Habasha.

Yaƙin Afganistan

A nan sunansa ya fito. A Disamban 1878 ya ci mashigar Peiwar Kotal bayan ya zagayo ta bayan abokan gaba da daddare. Da aka kashe wakilin Birtaniya, Louis Cavagnari, a Kabul a Satumban 1879, Roberts aka tura ya ɗauki fansa. Ya yi nasara a Charasiab, ya shiga Kabul a watan Oktoba, ya sa aka rataye mutane da dama da ake zargi da hannu a kisan. Hukuncin ya jawo masa suka har a Ingila. A ƙarshen shekarar mayaƙan ƙabilu suka kewaye shi a sansanin Sherpur, amma ya kore su.

Bayan Ayub Khan, wani yariman Afganistan, ya karya wata rundunar Birtaniya a Maiwand a Yulin 1880, Roberts ya tashi daga Kabul da sojoji kimanin 10,000. Sun yi tafiyar kusan kilomita 500 cikin mako uku, cikin zafin Agusta, ba tare da wani sansani a bayansu ba. Ranar 1 ga Satumba ya fatattaki Ayub Khan a wajen Kandahar. Daga baya aka haɗa sunan garin da sarautarsa ta Lord.

Shugabancin soja

Ya riƙe rundunar Madras daga 1881, sannan ta Indiya baki ɗaya daga 1885 zuwa 1893. Tsoron Rasha ya sa ya fi mai da hankali kan iyakar arewa maso yamma. Ya kuma fifita ɗaukar Sikh da Gurkha da Pathan bisa ra'ayin cewa wasu ƙabilu ne kaɗai suka iya yaƙi, ra'ayin da masana tarihi da yawa suke suka.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya jagoranci sojojin Birtaniya a yaƙinsu da Boer, wato Turawa 'yan asalin Holland, a Afirka ta Kudu a 1900. Ɗansa ya mutu a wannan yaƙin. Roberts ya rasu da ciwon huhu a Saint-Omer ta Faransa ranar 14 ga Nuwamba 1914, lokacin da ya kai ziyara wa sojojin Indiya a fagen dagar Yaƙin Duniya na Ɗaya. An binne shi a majami'ar St Paul da ke Landan.