Binciken Duwatsu, Ƙarafa da Girgizar Ƙasa da Igiyoyin Sauti

Bincike da igiyoyin sauti fanni ne na kimiyya da aikin injiniya da ake bi don sanin abin da ke cikin dutse, ƙarfe, kankare ko ita kanta ƙasa ba tare da an fasa su ba. Hanyoyinsa biyu ne: ko dai a aika sauti cikin abin a ga tsawon lokacin da ya ɗauka da yadda ya fito, ko kuma a kasa kunne kawai a saurari ƙarar da abin ke yi da kansa idan nauyi ya danne shi. Dabarar ba sabuwa ba ce. Duk wanda ya ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa don ya ji ko ta tsage, wannan aikin yake yi. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne na'urar da ke jin abin da ya gagari kunne, da agogon da ke raba daƙiƙa gida miliyan.

Yadda sauti ke ratsa abu mai tauri

Sauti kaɗawa ce da ke wucewa daga wani ɓangaren abu zuwa na kusa da shi. Ana ƙirga yawan kaɗawar a daƙiƙa guda da ma'aunin hatz. Kunnen mutum yana ji daga kimanin hatz 20 zuwa 20,000. Abin da ya haura haka shi ake kira altirasonik, kuma irinsa ne likitoci ke ɗaukar hoton ciki da shi. Abin da ya gaza hatz 20 ma kunne ba ya kama shi, kuma a nan mafi yawan ƙarfin babbar girgizar ƙasa yake tafiya.

Gudun sauti ya danganta da abin da yake bi. A iska yana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa, a ruwa kusan 1,500, a baƙin ƙarfe kusan 5,900, a dutsen giranit kuwa tsakanin 5,000 da 6,000. A cikin abu mai tauri igiya iri biyu ce ke ratsawa. Ta farko, igiyar P, tana matse abu ta sake shi a kan hanyar da take bi, kuma ita ke fara isa. Ta biyu, igiyar S, tana kaɗa abu gefe da gefe, gudunta bai wuce kashi 60 cikin 100 na ta farkon ba a yawancin duwatsu. Igiyar S ba ta ratsa ruwa ko wani narkakken abu, domin ruwa ba shi da taurin da zai dawo da shi idan an goce shi gefe. Idan an san gudun igiyoyin biyu da nauyin abu, ana iya lissafa taurinsa.

Akwai wata musaya da ba a iya kauce mata. Sauti mai yawan kaɗawa yana gano ƙaramin abu amma ba ya nisa. Mai ƙarancin kaɗawa yana nisa amma ba ya ganin ƙananan abubuwa. Igiyar hatz miliyan 5 a cikin ƙarfe tsawonta bai fi milimita ɗaya da ɗoriya ba, shi ya sa take kama tsagar da ido ba ya gani. Igiyar hatz 50 da masu neman mai ke aikawa ƙasa tsawonta ya kai mita 60 ko fiye, don haka kogon da ya kai ɗaki girma na iya ɓace mata.

Neman tsaga a ƙarfe da kankare

Tushen na'urorin yau ya faro a 1880, lokacin da 'yan'uwa biyu a Faransa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa dutsen kwaz yana fitar da lantarki idan an matse shi. Akasin haka ma gaskiya ne: idan an sa masa lantarki yakan motsa. Ke nan abu guda zai iya zama baki ya kuma zama kunne. Paul Langevin ya yi amfani da wannan a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya don neman jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa. A ƙarshen shekarun 1920 Sergei Sokolov na Tarayyar Sobiyet ya kawo shawarar a nemi lahanin ƙarfe da irin wannan sauti, sannan Floyd Firestone na Jami'ar Mishigan ya sami takardar mallakar fasahar na'urarsa ta amsa-kuwwa a 1942.

Aikin da kansa ba shi da wuyar fahimta. Ana ɗora kan na'urar a jikin ƙarfe bayan an shafa mai ko wani ruwa mai kauri, domin ko siririyar iska ce ta shiga tsakani, kusan duk sautin zai koma baya. Na'urar ta aika ɗan gajeren sauti, ta jira amsa. Idan ƙarfen lafiya yake, amsar daga ɗaya bangon za ta dawo. Idan akwai tsaga ko rami a tsakiya, wata amsa za ta rigaye ta, kuma lokacin dawowarta ke nuna zurfin lahanin. Da haka ake duba walda, bututun mai, layin dogo, ƙafafun jirgin ƙasa da fukafukan jirgin sama. Rauninsa kuwa, tsagar da ta kwanta daidai da hanyar sautin tana iya tsallakewa, shi ya sa ake aika shi a karkace daga kusurwoyi daban-daban, kuma gwanintar mai dubawa tana da nauyi kamar ta na'urar.

Kankare ya fi gardama, saboda tsakuwar da ke ciki tana warwatsa sauti. A nan akan sauko zuwa wajen hatz 50,000, a auna gudun kawai. Kankare mai kyau yakan ba da kusan mita 4,000 a daƙiƙa. Wanda ya gaza 3,000 abin zargi ne.

Dutse a ɗakin gwaje-gwaje

Masu binciken duwatsu sukan yanko dutse kamar gajeriyar gwangwani, su sa na'urar aikawa a kai ɗaya da ta karɓa a ɗaya kan, su saka shi cikin tukunyar matsi. A 1960 da 1961 Francis Birch na Jami'ar Habad ya wallafa gudun igiyar P a duwatsu masu yawa har zuwa matsin kiloba 10, kwatankwacin abin da dutse ke sha a zurfin kilomita 30 da wani abu. Ya ga cewa da farko gudun yakan tashi da sauri, sannan ya lafa. Dalilin shi ne ƙananan tsagogin da ke cikin kowane dutse: matsi na rufe su, sauti ya sami hanya miƙaƙƙiya. Wannan ya sa gudun sauti ya zama ma'aunin tsagogi da ramukan dutse, da abin da ya cika su. Dutsen yashi da ya sha ruwa da wanda iskar gas ta cika ba sa ba da gudu ɗaya, kuma a kan wannan bambanci ne kamfanonin mai ke kashe dukiya mai yawa.

Sai hanya ta biyu, ta sauraro. Dutsen da aka danne ba ya fashewa shiru. Kowace ƙaramar tsaga da ta buɗe tana sakin ƙara, dubbai kafin dutsen ya karye. Leonard Obert da Wilbur Duvall na hukumar ma'adinai ta Amurka sun lura da haka a cikin mahaƙai tun wajen 1940, kuma har yau mahaƙan zinariya na Afirka ta Kudu, waɗanda wasunsu suka haura zurfin kilomita 3, suna dasa na'urorin sauraro saboda fashewar dutse ba zato. A 1950 Josef Kaiser a Jamus ya nuna wani abin mamaki a ƙarafa: idan an danne abu aka sake shi, sannan aka sake dannawa, ba ya yin wata ƙara sai an wuce nauyin da ya taɓa ɗauka. Kamar dai yana tuna wahalar da ya sha. Duwatsu ma suna yin haka, ko da yake tunaninsu yakan dushe, don haka ana taka-tsantsan da sakamakon.

Cikin duniya

Babu rijiyar da ta taɓa wuce kilomita 13 zurfi, alhali daga doron ƙasa zuwa tsakiyarta ya haura kilomita 6,300. Kusan duk abin da aka sani game da tsarin cikin duniya, igiyoyin girgizar ƙasa ne suka kawo labarinsa. Bayan wata girgiza kusa da Zagreb a 1909, Andrija Mohorovičić ya lura cewa wasu igiyoyi sun riga lokacinsu isa tashoshin auna girgiza masu nisa. Ya fahimci sun gangara ne suka bi wani dutse mai saurin tafiya a ƙarƙashin ɓawon ƙasa, inda gudun igiyar P ke tsallakawa zuwa kusan kilomita 8 a daƙiƙa. Wannan iyaka ita ake kira Moho. Richard Oldham ya nuna alamar cibiyar duniya a 1906, Beno Gutenberg ya sa zurfinta a kimanin kilomita 2,900, kuma ɓacewar igiyar S a can ya nuna cewa narkakkiya ce. A 1936 Inge Lehmann 'yar ƙasar Denmak ta hango raunanan igiyoyi a inda lissafi ya ce bai kamata a gan su ba, ta ce akwai wata cibiya a cikin cibiyar.

Masu neman ma'adinai ba sa jiran girgiza, su ke haddasa tasu da nakiya, da manyan motoci masu jijjiga ƙasa, ko bindigar iska a teku. An gwada hanyar nakiya a Oklahoma ta Amurka a 1921. Masu kare muhalli na kuka da ƙarar bindigar iska saboda manyan dabbobin teku da ke rayuwa da sauti.

Girgizar ƙasa da batun hasashe

A 1962 Kiyoo Mogi na Japan ya nuna cewa ƙararrakin dutsen da ke tsagewa a ɗakin gwaji suna bin tsarin da girgizar ƙasa ke bi: ƙanana birjik, manya kaɗan. A 1966 William Brace da James Byerlee suka nuna cewa duwatsu biyu da ake gogawa sukan maƙale, su tara ƙarfi, su suɓuce farat ɗaya, kuma haka tsagar ƙasa ke yi, wato babbar tsagar da ke ɓawon ƙasa inda girgiza ke tasowa. A 1991 David Lockner da abokansa suka sa ƙarar dutsen ta riƙa sarrafa injin matsi, ta yadda fashewar da kan faru cikin ƙiftawar ido ta ɗauki sa'o'i. Sun ga tsagogin a warwatse da farko, sannan suka taru wuri guda, tsagar ta fara rarrafe daga nan.

Wannan kamanni ya sa rai ƙwarai. A shekarun 1960 masanan Sobiyet a yankin Garm na Tajikistan sun ba da rahoton cewa gudun igiyoyi yana sauyawa kafin girgiza, kuma zuwa farkon shekarun 1970 wasu sun ɗauka hasashe ya kusa. Awo mai tsauri a wasu wurare bai tabbatar da shi ba. A Parkfield ta Kalifoniya an kewaye tsagar San Andreas da na'urori ana jiran girgiza kafin 1993. Sai 2004 ta zo, ba tare da wata alama bayyananna ba. A 2017 masu bincike a cibiyar Los Alamos ta Amurka sun koya wa kwamfuta sauraron ƙarar tsagar ɗakin gwaji, ta kuma iya faɗin lokacin da ya rage kafin ta suɓuce. Nasara ce ta gaske, amma dutsen da ke kan tebur ana iya zagaye shi da kunnuwa, ita kuwa tsagar ƙasa tana da tsawon ɗaruruwan kilomita kuma inda take fara motsi yana can ƙasa inda hannu ba ya kai.

Abin da ya yi aiki shi ne gargaɗin gaggawa bayan girgizar ta riga ta fara. Igiyar P ta fi sauri amma ɓarnarta kaɗan ce. Tazarar daƙiƙa ɗaya tsakaninta da igiyar S na nufin nisan kusan kilomita 8, kuma tashoshi uku sun isa a gano inda abin ya taso. Saƙon lantarki ya fi kowace igiyar ƙasa gudu, don haka birni mai nisan kilomita 100 na iya samun 'yan daƙiƙoƙi na tsayar da jirgin ƙasa ko rufe bututun gas. Meziko ta fara irin wannan tsari a 1991, Japan ta buɗe nata ga jama'a a 2007. Wanda ke kan tsagar daidai ba ya samun komai.

An kai wannan sauraro har wajen duniya. Lokacin da 'yan sama-jannatin Apollo 12 suka jefa wani sashen kumbonsu kan wata a 1969, na'urar da suka bari ta ji jijjigar kusan sa'a guda, saboda dutsen wata busasshe ne kuma a farfashe, yana warwatsa igiya ba ya shanye ta. Kumbon InSight da ya sauka a duniyar Mars a 2018 ya ɗauki girgiza fiye da 1,300 kafin ƙura ta rufe faifansa na hasken rana a ƙarshen 2022, kuma daga cikinsu aka fara auna kaurin ɓawon Mars da girman cibiyarta.