Mura ta wuce, murya ta dishe, jiri ya ƙi tafiya: don Allah ku ajiye kafson nan

Jama'a, abin nan ya ishe ni, shi ya sa na ce bari in rubuta. Kullum sai an zo mana da ƙorafi iri ɗaya: an yi mura, majina ta tsaya, zazzaɓi ya sauka, amma murya ta dishe, kuma da mutum ya miƙe ko ya juya kai sai ya ji ƙasa na juyawa da shi. In ka tambayi me aka sha, sai a zaro maka katin amoksisilin an sha rabi, ga wani kafso da maƙwabci ya bayar, ga ragowar na yaro. Wani ma har an yi masa allurar jentamaisin a gida.

Haba! Wa ya rubuta muku?

Bairos ne ke kawo mura, kuma antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin bakteriya irin su amoksisilin da jentamaisin ɗin nan, ba ya taɓa bairos, ko kati goma ka shanye. Dishewar muryar nan kumburi ne a maƙogwaro, yawanci cikin mako 1 zuwa 2 take washewa da kanta. Jirin kuma sau da yawa daga can cikin kunne yake, inda ke riƙe daidaiton jiki. Kwanakin farko ne masu wuya, sai ya riƙa sauƙi, ko da yake wasu sukan kai mako 6 kafin tafiyarsu ta daidaita sosai.

Na san da ciwo. Malami ya kasa koyarwa, uwa ta kasa kiran ɗanta, mutum na tafiya yana dafa bango. Ba na raina wannan wahala ko kaɗan. Amma kafson ba zai rage muku ko kwana ɗaya ba, sai dai ya ƙara muku gudawa, ya kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ranar da kuke buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Ita kuwa jentamaisin, ku saurara da kyau: tana iya lalata cikin kunnen nan da kuke kuka da shi, ta bar mutum da rashin ji ko tangaɗi har ƙarshen rayuwarsa. Mai jiri ya je a yi masa allurar da ke kawo jiri! Wallahi abin yana ci min rai.

Abin da za ku yi ba shi da yawa:
- Ku hutar da murya. Raɗa ma tana wahalar da ita, haka yawan gyaran murya.
- Ku sha ruwa sosai, ku yi sirace da ruwan zafi zalla, ku nisanci taba da hayaƙi.
- Ku riƙa tashi a hankali. Ban da tuƙi, ban da hawa tsani.
- Maganin mura mai sa barci shi ma yana ƙara jiri, ku dakata da shi.

Idan dishewar ta kai mako 3, musamman ga mai shan taba, a zo a duba maƙogwaron. Tari ya wuce mako 2, a zo a gwada kaki. Kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya, ko baki ya karkace, magana ta harɗe, hannu ko ƙafa ya mutu, ana ganin abu biyu-biyu, ciwon kai mai tsanani, numfashi ko haɗiya ya gagara, jini a kaki, ƙullutu a wuya: wannan ba a kwana da shi a gida, asibiti kai tsaye.

Kuma 'yan'uwa, in za ku zo, ku taho da duk katin maganin da kuka sha, har wanda ya ƙare. Kada ku ɓoye don gudun faɗa. Faɗan zan yi, amma sai na ga abin da ya shiga jikinku kafin in san ta inda zan fara.