Sayen Harsashi a Kantunan Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Baƙon da ya fara shiga babban kantin kayan farauta a Amurka, irin su Bass Pro Shops ko Cabela's ko Academy Sports, yakan tsaya turus idan ya iso wajen harsasai. Ga su nan cikin kwalaye, an jera su kamar sabulu, kusa da ƙugiyar kamun kifi da takalman shiga daji, kowane kwali da farashinsa. Ga amsoshin tambayoyin da wannan gani ke tayarwa.

Da gaske ne mutum yana ɗaukar kwali ya biya ya fita, shi ke nan?

A yawancin jihohi haka ne. Idan bindiga ce za ka saya a hannun dila mai lasisi, sai ka cike fom, a tura sunanka a bincika ko kana da tabon laifi. Harsashi kuwa dokar tarayya ba ta buƙaci wannan binciken ba. Mai karɓar kuɗi zai dubi lasisin tuƙinka don ya ga shekarunka, wani lokaci ma ba zai tambaya ba in ya ga furfura, ya saka maka kwalin a leda. Dokar 1968 ta tilasta wa masu kanti rubuta sunan mai sayen harsashi, amma dokar 1986 ta ɗauke musu wannan nauyi a kan kusan kowane irin harsashi, ta kuma buɗe ƙofar yin oda daga wata jiha a kawo wa mutum har gida.

Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai. A Amurka, akwai maganin mura mai sinadarin da ake iya sarrafawa a yi ƙwaya da shi, wanda ba a sayar maka sai ka nuna katin shaida an rubuta sunanka, kuma akwai iyakar abin da za ka saya a wata. Amma mutum zai iya sayen harsashi dubu a jihar Texas ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya na sunansa ba. Bindiga ba harsashi ai sanda ce. A ganina an tsare ƙofa an bar taga a buɗe.

To babu wanda aka hana ke nan?

Akwai. Dila mai lasisi ba ya sayar da harsashin doguwar bindiga ga wanda bai kai shekara 18 ba, na ƙaramar bindiga kuwa sai mai 21. Wanda kotu ta taɓa samu da babban laifi, ko da laifin dukan iyali, da wanda ke zaune a ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, duk an haramta musu riƙe harsashi. Matsalar ita ce, inda ba a bincike, mai kanti ba shi da hanyar gane su.

Ɗalibanmu da 'yan kasuwa masu zuwa da bizar wucin gadi su lura da kyau: su ma suna cikin waɗanda aka hana, in ban da 'yan keɓantattu, kamar wanda ke da lasisin farauta mai aiki. Don mai kanti ya miƙo maka bai sa abin ya halatta ba.

Yaya abin yake a jihohin da suka matsa?

Nan kam sai mutum ya yi haƙuri. A Kalifoniya, masu zaɓe sun amince da ƙudiri mai lamba 63 a 2016, kuma daga 1 ga Yulin 2019 ake bincikar mai saye a gaban kanta kafin a ba shi kaya. Ko ta intanet ya yi oda, sai an kai wa dila ya je can ya karɓa. Kukan da mafarauta suka fi yi shi ne a ce kwamfuta ta ƙi mutum don kawai ya sake gida, adireshin da ke kan katinsa bai yi daidai da na rajistar bindigarsa ba. Ya yi tafiyar awa guda, gobe da asuba za a fita daji, a ce masa ya je ya gyara takarda. Tun 2018 ake fafata shari'a a kan dokar, kuma gwanar harbi a wasannin Olamfik, Kim Rhode, ita ce kan gaba a masu ƙara. Jihar New York ta fara nata binciken a Satumban 2023, ana biyan dala 2.50 duk saye. A Illinois sai da katin shaidar mai bindiga na jiha.

Ba na raina wannan kuka, don ɓata wa mai gaskiya lokaci ba daɗi. Sai dai maganinsa a gyara rajistar ne, ba a watsar da binciken ba.

Me ya sa wasu ke cewa sun je Walmart ba su samu ba?

Saboda wannan babban kamfanin kantuna ya janye daga wani ɓangare na kasuwar. A 2018, bayan harbin makarantar Parkland da ya ci rayuka 17, ya ɗaga shekarun saye zuwa 21. A Agustan 2019 aka yi harbi a reshensa na El Paso, mutum 23 suka rasa rayukansu. Wata guda bayan haka shugabansa na lokacin, Doug McMillon, ya sanar da daina sayar da harsashin ƙaramar bindiga da irin su .223 da 5.56 da ake ɗura wa bindigogi masu kama da na soja. A lokacin, kusan kashi 20 cikin 100 na harsashin da ake sayarwa a ƙasar daga kantunansu yake fita. Na farauta dai suna nan.

Ana ta maganar "lokacin ƙaranci". Me ya faru?

Duk mai harbi a Amurka yana da labarin 2020. Korona ta shigo, zanga-zanga ta biyo bayan kisan George Floyd, ga zaɓe na tafe, tsoro ya kama mutane. A shekarar an yi binciken da ya shafi bindiga kusan sau miliyan 40, adadin da ba a taɓa gani ba, kuma miliyoyi daga cikin masu sayen sababbin shiga ne. Kowa da bindiga, kowa na neman abin ɗurawa. Ana cikin haka kamfanin Remington mai ƙera bindiga da harsashi ya durƙushe, masana'antarsa ta Lonoke a Arkansas ta ja baya, sai da Vista Outdoor ya saye ta aiki ya dawo. Ɗan ƙaramin maɓallin gindin harsashi, wanda ke tayar da wutar albarushi, shi ma ya yi wuya, har masu ɗura nasu a gida suka rasa. A Agustan 2021 gwamnatin Biden ta rufe ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha, wanda shi ne mai araha.

Me mai saye ya gani? Kanta wayam, sai ƙura da takardar farashi. Mutane suka koyi ranar da motar kaya ke zuwa, suna yin layi tun kafin a buɗe, ga takarda manne a gilashi cewa kwali biyu ko uku kawai kowa zai samu. Farashin harsashin 9mm na ƙaramar bindiga ya ninka, wani wuri har sau uku. Wasu su saya da safe, su sayar da tsada a intanet da yamma. Kuma ƙarancin yana ciyar da kansa: wanda ya saba sayen kwali ɗaya, ran da ya gani sai ya kwashe iya abin da aka yarda masa. An ga irin haka a 2013 bayan harbin makarantar Sandy Hook, lokacin da ƙaramin harsashin nan .22 ya ɓace shekaru.

Wane kuskure sababbin masu saye suka fi yi?

Sayen wanda ba na bindigarsu ba. Mutum ya ce "ba ni 9mm", alhali 9mm Luger daban, 9mm Makarov daban. A bindigar harbin tsuntsu, idan harsashi mai lamba 20, wanda ya fi siriri, ya faɗa cikin bindiga mai lamba 12, zai zurma ya maƙale, a ɗora wani a kansa bututun ya fashe a hannun mai harbi. Shi ya sa ake yi wa mai lamba 20 launin rawaya. Lambar da ta dace tana rubuce a jikin bututun bindiga, kuma mai kanti nagari zai tambaye ka sau biyu, domin yawancin kantuna ba sa karɓar harsashi in ya fita daga ƙofa.

Da gaske akwai injin da ke sayar da shi kamar lemo?

Akwai. Ya zuwa 2024 kamfanin American Rounds ya girka irinsu a wasu kantunan abinci a Alabama da Oklahoma da Texas. Injin yana duba kati, ya gwada shi da fuskar mai saye. Shekaru yake tantancewa, ba ya duba tarihin laifi.

Idan ɗaya ya maƙale a jakar matafiyi fa?

Babbar fitina ce. A 2024 an kama Amurkawa 'yan yawon buɗe ido da dama a tsibiran Turks da Caicos saboda 'yan harsasai da suka manta a aljihun jaka, suka fuskanci dokar ɗaurin shekara 12 kafin kotuna su sassauta musu. A Najeriya ma Dokar Makamai ta 1959 ta haramta riƙe harsashi ba lasisi. Duk jakar da ta taɓa zuwa filin harbi ko farauta, a zazzage ta aljihu-aljihu kafin a nufi filin jirgi da ita.