Waiwaye: Yadda kurkunu ya ƙi barin bakin kogunan Shari da Logon

In ka ce wa yaron Marwa ko Kusiri a arewacin Kamaru "kurkunu" a yau, sai ya tsaya yana kallonka. Tsofaffi kuwa ba su manta ba. Kakata tana da tabo a idon sawu, kuma duk wanda ya tambaya labari ɗaya take ba shi: wata damina guda ta yi a kan tabarma, ana naɗe farin zare mai rai a jikin tsinke, kullum ɗan kaɗan, don in aka ja da ƙarfi ya tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa. A shekarar wasu ne suka nome mata gona.

Cutar, wadda wata doguwar tsutsa ke haddasawa, ba ta da allurar rigakafi, ba ta da ƙwayar sha. Mutum ya sha ruwan kududdufi mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwari da suka haɗiye 'ya'yan tsutsar, sai bayan kusan shekara ta ɓullo, tsawonta kan kai mita guda. Zafin kamar wuta, shi ya sa mai ita ke rugawa ya tsoma ƙafa a ruwa, a nan kuma take zubar da 'ya'yanta, wani ya zo ya sha.

A 1986, lokacin da Cibiyar Carter ta Amurka ta karɓi jagorancin yaƙin, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa kowace shekara a Afirka da Asiya. Makaman da aka riƙe ba su da wani tsada: ƙyallen tace ruwa, rijiyar burtsatse, maganin Abate da ake zubawa a tafki, da ɗan sa-kai a kowane ƙauye mai hana wanda ya kamu shiga ruwan sha. Janar Yakubu Gowon ya yi ta zagaya ƙauyukan Najeriya, Amadou Toumani Touré na Mali ya riƙe ɓangaren ƙasashen da ke amfani da Faransanci. An so a gama a 1995, ba a gama ba, amma aiki ya yi kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Kamaru ta rabu da cutar a 2007, Najeriya a 2013.

Chadi ce ta rikita lissafi. Kusan shekara goma ba a ba da rahoton ko mutum ɗaya ba, har aka fara shirin ba ta takardar shaida. Sai a 2010 aka gano mutum 10. A ganina, shirun nan na shekaru ba lafiya ba ce, sa ido ne ya yi sanyi. Ranar da aka daina tura mutum ƙauye ya duba ƙafafu, rahoto ma ya daina zuwa.

Abin da ya fi ɗaure kai ya zo a 2012: tsutsar tana fita daga jikin karnuka a ƙauyukan masunta na bakin Shari, kuma bincike ya nuna irinta ɗaya da ta mutane. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake gyaran kifi don banda ya san yadda abin yake. Mata na farke ciki suna watsar da hanji gefe, karnuka na tsaye suna jira. Masana na zargin ta nan suke ɗauka, ko ta ƙananan kifi da kwaɗi. To wa zai koya wa kare tace ruwa? A 2019 karnukan da suka kamu a Chadi sun kusa 2,000, kuma daga cikin mutum 54 da aka samu a duniya baki ɗaya a shekarar, mafi yawa 'yan Chadi ne.

Daga nan salon ya canza. Aka koma roƙon mutane su binne kayan cikin kifi, su ɗaure karnukansu a watannin da tsutsar ke fita, ana kuma ba da tukwici ga wanda ya kawo labarin mutum ko dabbar da ta kamu. Bahaushen kasuwa da ba ya kiwon kare yana iya cewa ba ruwansa, amma kifin da yake saye a bakin kogi daga waɗannan ƙauyuka yake fitowa, kuma in ya sauka can ruwansu yake sha.

Kogi bai san iyaka ba. Tun 2019 cutar ta sake leƙo Kamaru ta yankin Gere a Mayo-Danay, daura da garin Bongor na Chadi, inda dangi ɗaya ke zaune a gaɓa biyu na Logon, suna haye da kwalekwale da karnukansu.

A 2023 mutum 14 kacal aka samu a duniya, 9 daga Chadi. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka da ya kafa Cibiyar Carter, wanda ya taɓa cewa yana fatan tsutsa ta ƙarshe ta riga shi mutuwa, ya rasu a watan Disamba 2024 bai ga hakan ba. Sabon wa'adin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi ne 2030, kuma a wannan karon ba za a ba ƙasa takardar shaida ba sai karnukanta ma sun warke.