Ba sai da waya mai tsada ake fara sana'a ba

Wannan magana ta daɗe tana damuna, mutum bai ma samu kwastoma ko ɗaya ba amma ya kwashe rabin jarinsa ya sayi babbar waya wai don a ɗauke shi da muhimmanci. Kwastoma fa baya ganin wayarka, abin da yake gani shi ne ko ka ɗaga kira, ko ka amsa saƙo da wuri.

Batun kyamara ma haka, yawan megafiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, ba shi ne kyan hoto ba, WhatsApp yana matse hoto kafin ya tura, kaya ka ajiye su kusa da taga inda haske yake sai ka ga bambanci.

Ni dai abin da zan ce ka duba in za ka sayi wayar sana'a, batir mai kai wa dare kamar 5000mAh, wurin ajiya akalla 128GB saboda hotuna da rasit suna taruwa, sannan mai layi biyu, ka ware lamba ɗaya ka sa mata WhatsApp Business, wato WhatsApp na masu sana'a. Kuma ka tambaya shekara nawa kamfanin zai ci gaba da turo sabuntawar tsaro, wato gyaran da ke kare wayar daga masu kutse, tunda manhajar bankinka a ciki take.