Alawus ɗin mai jinya a Birtaniya: wa ke samu, kuma ina muka kwana a nan

Maganar nan da ke yawo a majalisa da WhatsApp wai a Ingila gwamnati na biyan mutum albashi don ya zauna gida yana jinyar uwarsa, akwai gaskiya a ciki amma fa ba yadda ake zuzuta ta ba. Kuɗin akwai su, sunansu Carer's Allowance, ma'aikatar ayyuka da fansho ta Birtaniya ce ke biya, kuma a shekarar da ta fara daga Afrilun 2025 fam 83.30 aka riƙa biya a sati. In ka juya su zuwa naira sai ka ce an tsinci dami a kala, to amma a can mafi ƙarancin ladan babba fam 12.21 ne a awa ɗaya a waccan shekarar, kenan aikin awa bakwai ma ya fi alawus ɗin sati guda. Shi kuwa mai jinya sai ya yi aƙalla awa 35 a sati yana hidimar mara lafiya kafin a ba shi. Don haka ba albashi ba ne, ɗan rage zafi ne.

Sharuɗɗan su ne inda mutane ke faɗuwa. Dole ka kai shekara 16, kar ka zama ɗalibin da ke karatun awa 21 ko fiye a sati, kuma ka zauna a ƙasar shekara biyu cikin ukun da suka wuce. Shi wanda kake jinya ma sai ya kasance tuni gwamnati ta tantance shi tana ba shi kuɗin naƙasa ko na tsofaffi masu buƙatar kulawa, ba wai kawai ka ce Baba ba shi da lafiya ba shikenan a zuba maka. Abin da ya burge ni, ba sai ɗan uwanka ba ne kuma ba sai gida ɗaya kuke ba, maƙwabci ma in kai ke ɗawainiyarsa ya isa. Amma in ku biyu ke karɓa-karɓa a kan mutum ɗaya, ɗayanku kawai za a biya, in kuma kai kaɗai ke jinyar Inna da Baba duka, kaso ɗaya dai za ka samu.

Sai babban tarkon, wato iyakar abin da za ka samu a wajen aiki. An yarda ka yi ɗan aikinka a gefe, amma kar abin da ya rage maka bayan cire haraji da wasu kuɗaɗe ya wuce iyakar da aka sa: a Afrilun 2025 an mai da ita fam 196 a sati, kafin nan ma 151 ce. Kuma ba rage maka ake yi kaɗan-kaɗan ba, ko da fam ɗaya ka haura to na wannan satin gaba ɗaya ya tafi. Mutane da yawa an ƙara musu ɗan lada ko sun yi ƙarin awa ba su lura sun tsallake layi ba, ita kuma ma'aikatar ta ci gaba da biya shiru har wata da watanni, wasu shekaru, sannan rana ɗaya takarda ta zo cewa su dawo da dubban fam. Abin ya yi ƙamari har a Oktoban 2024 gwamnati ta ɗora wa wata mai fafutukar haƙƙin masu naƙasa, Liz Sayce, binciken lamarin. Ni dai a ganina wannan ba tsari ba ne, mutumin da ke kwana yana juya mara lafiya yaushe zai zauna lissafin kwabo-kwabo.

Tsoho mai karɓar fanshon gwamnati kuma ba ya haɗa biyun cikakku, in fanshonsa ya kai adadin alawus ɗin ba za a ƙara masa ba. In wanda ake jinya ya rasu, ana iya ci gaba da biya har sati takwas.

Wani abu da matanmu za su gane sosai: da aka fara biyan kuɗin a 1976 ba a ba matan aure, don ana ganin ai jinya aikinsu ne dama. Sai da wata mata, Jacqueline Drake, wadda ta bar aiki don kula da mahaifiyarta ta kai ƙara, kotun Tarayyar Turai ta ba ta gaskiya a 1986 sannan aka buɗe wa matan aure ƙofa. To a ƙauyukanmu na Jigawa wa ke jinya in ba su ba? Tsohuwa ta samu shanyewar ɓarin jiki, sai ka ga matar ɗanta ko 'yar autarta ce ke wanka da wanki da dama kunu da kwana a benci a asibitin Dutse ko Haɗejia, ta ajiye ƙuli-ƙulinta da saƙar tabarmarta, jarinta ya narke, kowa ya zo dubiya sai ya ce sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Ladan muna fata, amma tukunya ba ta jira.

A nan abin da aka taɓa yi mafi kusa shi ne a 2007, lokacin Sule Lamido, da Jigawa ta fara ba masu buƙata ta musamman naira 7,000 a wata. Sai dai wannan na mai naƙasar ne da kansa, ba na wadda ke ɗauke da shi ba. Haka dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, haƙƙinsu take karewa, wajen aiki da shiga gine-gine da sauransu.

Kuma don Allah 'yan uwa, ɗanku da ya tafi Birtaniya da bizar aiki ko ta karatu yawanci a takardarsa an hana shi taɓa kuɗin tallafin gwamnati, balle ya karɓa da sunan yana jinyar Inna da ke Ringim ko Gumel. Duk wanda ya turo muku fom a waya wai ku cike ku saka BVN da kuɗin rajista za a ba ku tallafin masu jinya daga Ingila, ɗan damfara ne, ku goge kawai.